Ɗakin yaro mai son ƙwallo: a zana masa ɗan wasa a bango ko a'a?

Maman Yara, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Maƙwabcinmu ya tashi, mun karɓi ɗakinsa mun haɗa da namu, maigidana ya ce a ware wa yaran maza biyu. Babban shekararsa 10, ƙaramin 6. Babban nan ba shi da zance sai ƙwallo, daga ya dawo Islamiyya sai fili. Da muka ce masa za a gyara musu ɗaki, cewa ya yi a shafe bangon duka da kore kamar filin wasa, a zana masa Osimhen babba a saman gadonsa, a shimfiɗa wannan kafet mai kama da ciyawa. Ƙanen kuwa duk abin da yayansa ya ce shi ke nan. Ina so in faranta masa rai don ya yi ƙoƙari a makaranta bana, amma ba na so in zuba kuɗi a abin da zan dawo ina kankarewa. Ɗakin ƙafa 12 da 12 ne, taga ɗaya tana kallon yamma, ƙasa siminti. Ta ina zan fara, me kuma zan guje wa?

Hajiya Kaka, Kwarbai:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yaron da kika ce ba shi da zance sai ƙwallo, shi ne kuma za ki kai masa ƙwallon har makwancinsa? Ya kwana da ita ya tashi da ita? Ina ganin jikokina, ran da ake wasan Turai ba mai cin tuwon dare a kan lokaci, sallar isha'i ma sai an bi su gidan kallo an koro su. Ki shafa farin fenti, ki saya musu katifa mai kyau da gidan sauro, ragowar kuɗin ki ƙara a na makaranta.

Baban Biyu, Samaru:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, damuwarki gaskiya ce, amma ina ganin an haɗa abu biyu. Yaron da ke fita fili yana gudu yana zufa daban, wanda ke zaune a benci a gidan kallo har sha ɗayan dare yana jin zagi da zancen caca daban. Na farkon nake so ɗana ya zama. Kuma abin da na gani a gidana shi ne, tun da aka ba yarana ɗakin da suke jin nasu ne, sun fi zama a gida, abokansu ne ma ke zuwa wurinsu, ni kuma na san da wa suke tare. Shekara goma dama ita ce lokacin da hadisi ya ce a raba wa yara makwanci, to tunda za a yi gado biyu a shafa fenti ko ta yaya, zaɓen launin da yaro ke so ba ya ƙara kuɗi.

Hajiya Kaka, Kwarbai:
Launi ban ƙi ba. Gunkin ɗan ƙwallo a kan yaro yana barci ne ban yarda da shi ba.

Mai Fenti, Sabon Gari:
Hajiya Maman Yara, aikina ne, bari in faɗa miki tun kafin ki sayi ko galan ɗaya. Kada ki yarda a shafe bango huɗu da kore. Koren ciyawa yana shanye haske, ɗaki mai taga ɗaya zai koma duhu tun la'asar, ranar da babu wuta kuwa ko da fitila mai caji yaro ba zai ga karatu da kyau ba. Bango ɗaya tak za a yi wa kore, wanda ba ya fuskantar ƙofa kai tsaye in da hali, sauran ukun fari ko ruwan madara. Silin fari.

Sannan kafin komai a duba gindin bangon. Gidaje da yawa a Tudun Wada da Sabon Gari suna tsotsar ruwa da damina, za ki ga daga ƙasa zuwa kamar gwiwa fentin ya kumbura yana zubar da farin gari. In akwai wannan, sai an kankare an gyara filasta an bar shi ya bushe, in ba haka ba duk abin da aka shafa zai ɓare kafin wata daminar. Saboda wannan dalilin ne nake hana mutane liƙa takardar bango a ɗakin ƙasa. Wata uku tana da kyau, daga nan ta fara ɗagowa ta gefe, kyankyasai su samu gida a bayanta.

Fentin ruwa za ki saya, irin mai ɗan santsi da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, domin yaran nan sai sun buga ƙwallo a bangon ko kin hana. Ya fi na gama-gari tsada, amma bango ɗaya ne, ƙaramin bokiti ya isa.

Malam, Ƙofar Doka:
Game da hoton, ina goyon bayan Hajiya. Hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto yana cikin Bukhari da Muslim. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, wannan sananne ne, amma zana mutum da hannu a bango, a girmama shi a ɗaga shi saman kai, a ɗakin da yaro zai yi nafila ya yi tilawa, ba na ba kowa shawarar haka. Alhamdu lillahi ƙofar halal ɗin a buɗe take: fili, raga, ƙwallo, kofi, takalmi, tuta, lamba, duk ba su da rai. Abu na biyu da iyaye ba sa lura da shi shi ne tambarin ƙungiyoyi. Na Manchester United akwai hoton shaiɗan riƙe da mashi mai baki uku a tsakiyarsa. Na Barcelona akwai gicciye a kusurwar sama, na Real Madrid ma akwai ƙarami a kan kambin. Kowa ya duba da idonsa kafin ya sa a zana masa.

Ɗan Arsenal, Kongo:
Malam, da girmamawa, ni dai ina jin tausayin yaron. Abu ɗaya ya roƙa da bakinsa, shi ne kuma kowa ya taru a kan a hana shi. Osimhen fa ba ɗan iska ba ne, yaro ne da ya taso cikin talauci a Legas yana tallar ruwa a titi, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 2023. In yaro ya ɗauki irin wannan a matsayin abin koyi, mene ne laifin? Mu da muka taso da fostocin Kanu a ɗaki ba mu lalace ba.

Malam, Ƙofar Doka:
Ban ce ɗan wasan mutumin banza ba ne, ɗana. Ko hoton malamina ne aka ce za a zana a saman gadon yaro, amsata ɗaya ce. A ba shi labarin mutumin, ya ji yadda ya sha wahala ya yi haƙuri, wannan ya fi zanen amfani.

Baban Biyu, Samaru:
Ko an ajiye maganar addini gefe, akwai ta aljihu. 'Yan wasa ba sa zama wuri ɗaya. Wanda ya zana Messi da rigar Barcelona, a 2021 ya koma PSG, a 2023 ya wuce Inter Miami. Ronaldo ya bar Real Madrid a 2018, ya je Juventus, ya koma Manchester United, yanzu yana Al Nassr a Saudiyya. Shi kansa Osimhen ɗin da aka sani da shuɗin Napoli, tun 2024 yana Galatasaray da ja da rawaya. Yaro ɗan shekara 10 kuma ɗan wasa yake bi, ba ƙungiya ba, duk inda gwaninsa ya koma can zai koma. Don haka abin da ke da wuyar canzawa, wato bango da gado da ƙasa, a yi shi na ƙwallo kawai ba na kowace ƙungiya ba. Launin ƙungiya a bar shi a zanin gado da rigar filo da labule. Ran da ya sauya sheƙa, yadi kaɗan ne da kuɗin tela.

Malamar Lissafi, Hanwa:
Maman Yara, in za a yi koren bangon, ki sa a zana filin da ma'auninsa na gaskiya, kuma ki bar yaron ya yi lissafin da kansa, ɗan aji biyar zai iya. Filin manyan wasanni tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa mita 68. A ɗauki kowace mita ɗaya a matsayin santimita 2, sai filin ya zama santimita 210 a kwance, 136 a tsaye, zai zauna daidai a bangon ƙafa 12 har da sarari a gefe. Da'irar tsakiya daga ɗigo zuwa baki mita 9.15 ce, ta zama kusan santimita 18. A kafa ƙaramar ƙusa a tsakiya, a ɗaura zare da fensir a juya. Babban gidan gola zurfinsa mita 16.5, wato santimita 33, faɗinsa ya kama kusan 81. Ɗigon fenariti mita 11 daga layin raga, santimita 22 ke nan. Na yi wannan da ɗalibaina a kan kwali, yaran da ba sa ɗaga hannu a aji su ne suka riga kowa gamawa, har suna gardama a kan inda za a sa baka na gaban gidan gola.

In an sami fentin allo kore ko baƙi ma ya fi, sai ya riƙa jera 'yan wasansa da alli yana gogewa, ƙanen kuma ya yi aikin gida a gefe.

Mai Fenti, Sabon Gari:
Malama ta kawo shawara mai kyau. Layukan kuma ba da hannu ake ja ba. A fara shafa fari a wurin da layi zai bi, ya bushe, a liƙa salatif na takarda mai faɗin inci ɗaya a kai, sannan a bi da koren gaba ɗaya. Kafin ya gama bushewa a ɓare salatif ɗin a hankali, layi zai fito fes. Da'irar ce kawai sai da ƙaramin burushi da haƙuri.

Anti Nas, Wusasa:
Ni maganar kafet ɗin ciyawar nan ce ta sa na shigo. Don Allah kada ki shimfiɗa shi a ɗakin barci. An yi shi ne don waje. Gashinsa na roba yana riƙe ƙura da ɓurɓushin abinci, tsintsiya ba ta fitar da su, kuma kin san yadda hunturun Zariya yake, daga Disamba zuwa Fabrairu ko an rufe taga sai kin share ƙura safe da yamma. Yaron da ke da asma ko yawan mura zai wahala. In ƙaramin ya yi fitsarin kwance ya sauka a kai kuwa, warin ba ya fita. Leda ta ƙasa ta ishe ki, ana samun kore a kasuwar Sabon Gari, a goge da ruwa da sabulu a wuce wurin.

Abu na biyu, fentin mai. Wasu daga cikinsu, musamman masu launi mai ƙarfi irin rawaya da ja, ana samun darma a ciki, kuma darma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ba ta da wani adadi da za a ce ba komai. In tsohon bangon ko ƙofar da fentin mai aka shafa su, kada a kankare shi a bushe yara suna wurin, a jiƙa tukuna, a share garin da jiƙaƙƙen tsumma. Bayan an gama aiki kuma a bar taga da ƙofa a buɗe wasu kwanaki har warin ya tafi kafin su fara kwana.

Kafinta, Muciya:
Salamu alaikum. Ga abin da na taɓa yi wa wani bawan Allah, yaransa suka ji daɗi. Gado ne na talaka, ƙafa 3 da 6, sai na ɗaga sanduna huɗu a kusurwoyi na haɗa su da wasu sanduna a sama, na shafa musu fari. Da aka rataya gidan sauro a ciki, sai ga raga sak. Yaron da da sai an yi faɗa kafin ya yarda a sauke masa gidan sauro, ya koma shi ke saukewa da kansa wai yana tsaron gida. Sai dai gidan sauro na gaskiya mai magani za a sa, ba ragar ƙwallo ba, don idonta sauro zai wuce ta ciki da gudu, kuma ƙaramin yaro yana iya saƙale wuya ko yatsa a igiyarta.

Gado mai hawa biyu kuwa ki yi tunani. Ɗan shekara 6 bai kamata ya kwana a sama ba, kuma in akwai fankar silin, wanda ke sama yana miƙewa zai iya kai hannu ko kai. A ɗaki 12 da 12 gado biyu ƙanana za su shiga, ɗaya a kowane gefe, a bar tsakiya fili. Durowar kaya kuma a ɗaure ta da bango ta baya, domin yaran da ke ajiye ƙwallo a saman durowa sai sun taka aljihunta sun hau.

Alhaji Mai Gidajen Haya, Dogarawa:
Ban ga wanda ya ambaci mai gidan da kuke haya ba. Hajiya, ki sa maigidanki ya je ya same shi tukuna. Wani ɗan haya ya taɓa bar mini ɗaki da ja da baƙi tun daga ƙasa har silin, sai da aka shafa fari sau uku kafin ya rufu, kuma ba a yi maganar wa zai biya ba tun farko, abin ya kai mu ga ɓacin rai. A yi yarjejeniya a gaban shaida cewa in za ku tashi za ku mayar da bangon fari. In bai yarda ba, kafinta ya yanko falankin katako mai faɗi a zana filin a kai, a rataya da ƙusa huɗu, ranar tashi ku tafi da abinku.

Tsohon Ɗan Kwando, Samaru:
Ina ta karantawa, kowa Turai, Turai. Jama'a, a Zariya fa muke. Masai Ujiri, wanda yake shugabantar ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, a 2019, a garin nan ya tashi, a nan ya fara jefa ƙwallo a kwando, ƙarƙashin Koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru yana koyar da yara wasan a Samaru. Yaranmu nawa suka san haka? A ƙwallon ƙafa ma, tawagar Najeriya da ta ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 akwai 'yan Kaduna a ciki: Daniel Amokachi, Garba Lawal, Tijjani Babangida, Celestine Babayaro. A gasar cin kofin duniya, Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, kuma daga Kano Pillars ya fita. Ni da ɗakin ɗana ne, kore da fari zan yi, in rubuta 1980, 1994, 2013 a gefen filin, shekarun da muka ɗauki kofin Afirka. Babu ranar da zai wayi gari ya ce ya bar Najeriya ya koma wata ƙungiya. Sai kuma ƙaramin kwando na roba a bayan ƙofa da ƙwallon soso, ba ta fasa ƙwan fitila.

Hajiya Kaka, Kwarbai:
To kai ka fara magana. Kuma in wasa ake nema, mu ba mu da shi ne? Yaran cikin birni har gobe ba abin da ke tashinsu tsaye kamar hawan sallah, ga langa, ga kokawa. Jikana ɗaya linzami da ƙaramin jalala ya rataya a ɗakinsa, kawunsa ya ba shi, kullum sai ya goge su. Ku dubi zanen da ke jikin ƙofar fada da tsofaffin zaurukan birni, maginanmu sun iya ƙawata bango tun kafin a san fosta.

Maman Husna, Palladan:
Ina bin zancen nan don 'yata ce mai son wasa, ba yayyenta ba. Shekararta 8, tana tsere a makaranta, ta ciyo lambobi biyu. Na sa kafinta ya yi mata ƙaramar kanta da ƙugiyoyi, muka rataya lambobin da takardar yabon. Wallahi ta fi kallon wannan kantar a kan duk wani abu da na saya mata. Maman Yara, ki bar wa naki wurin da zai sa nasa abin, ko kofin gasar unguwa ne na roba.

Maman Yara, Tudun Wada:
Allah ya saka wa kowa da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Mun zauna da babansu jiya da dare. Bango ɗaya kore da fili a kai, yaron zai yi lissafin kamar yadda Malama ta ce. Kafet ɗin ciyawa an bar shi. Gado biyu ƙanana irin na Malam Kafinta. Mai gida kuma babansu zai same shi ranar Juma'a bayan masallaci. Inda muka tsaya shi ne hoton. Da na ce masa ba za a zana ba, bai yi gardama ba, ya dai sunkuyar da kai ya ce to, idonsa ya kawo ruwa. Abin ya tsaya mini a rai.

Ɗan Arsenal, Kongo:
Anti, to ga tsaka-tsaki. Osimhen lamba 9 yake sawa a Super Eagles. Ki sayi koriyar riga, ki kai wa masu buga suna a rigunan ƙwallo, a sa 9 babba a baya, a saman lambar kuma a rubuta sunan yaron da kansa. Kafinta ya yi mata firam a rataya a inda ya so a yi zanen. Ƙanen ma a yi masa tasa da lambar da ya zaɓa, kada ya ga an fifita yayansa. Malam, wannan fa?

Malam, Ƙofar Doka:
Wannan babu laifi, Allah ya yi maka albarka. A dai duba gaban rigar. Ƙungiyoyi da yawa sunan kamfanin caca ne a ƙirjinsu, har ta kai ƙungiyoyin Firimiyar Ingila da kansu suka amince a 2023 za su cire irin wannan talla daga gaban riga. Kada mu rataya wa yaro sunan da gobe zai je yana nema a waya.

Hajiya Kaka, Kwarbai:
Ni har yanzu da farin bangona nake, amma tunda kun yanke, ki sa a kafa kanta a sama a ɗaya bangon, nesa da inda ƙwallo za ta riƙa dukan wuri, a ajiye Alƙur'ani da allunansu. Kuma a san gabas a ɗakin kafin a zaɓi bangon da za a zana, kada yaro ya tsaya salla idonsa na kan fili yana lissafin wasa.

Maman Yara, Tudun Wada:
In sha Allahu Hajiya. Tagar tana yamma, ƙofar tana kudu, sai mu zana a bangon arewa. Malam Mai Fenti, yanzu da ruwa bai ɗauke ba, mu fara ko mu jira?

Mai Fenti, Sabon Gari:
Ku jira. Ku bari ruwa ya ɗauke a Oktoba, bango ya sha iska ya bushe sosai, sai a yi aikin a farkon Nuwamba kafin ƙura ta yi ƙarfi, don in hazo ya sauka yana manne wa ɗanyen fenti. Kafin nan kafinta ya gama gadajen a shagonsa, a shafa musu fenti a can su bushe. Ki kuma liƙa leda mai faɗin tafin hannu biyu a gindin bangon arewan da salatif, ki rufe gefenta duka, ki bar ta kwana biyu. In kin ɓare kin ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, ki faɗa wa mai gidan tun a zaman Juma'ar, domin gyaran filasta nasa ne ba naku ba.